Farautar Alfahari: Nawa Ne Kuɗin Ran Zaki?

  

Mas'alar da na ɗauko bana ba ta cikin waɗanda muka saba tattaunawa a aji, amma tana kusa da mu fiye da yadda muke zato. Akwai wata irin farauta da ake yi a ƙasashen Afirka da dama, har da nan Kamaru, wadda ba don nama ake yin ta ba. Attajiri ne zai taso daga Amurka ko Turai, ya biya kuɗi masu nauyi, a ba shi takarda, a kai shi daji a mota, ya harbe zaki ko giwa ko ɓauna. Sai a ɗauke shi hoto yana murmushi a kan gawar, a cire kai da fata da ƙaho ko haure, a gyara su, a aika masa gida ya rataye a bangon falonsa. Ni dai farautar alfahari nake kiran ta, don ban ga wani suna da ya fi dacewa da ita ba. Ra'ayina kuwa shi ne aikin banza ne, kuma mai yin sa yana da tambayar da zai amsa. Sai dai ba duk mai kuka a kanta nake bin bayansa ba, kuma zan faɗi dalili.

Labarin da ya fi shahara shi ne na wani zaki mai suna Sesil a ƙasar Zimbabuwe. Yana zaune a gandun dajin Hwange, shekarunsa 13, gashin wuyansa baƙi ne, masu yawon buɗe ido sun san shi sosai. Masu bincike na jami'ar Oksfod sun sa masa na'ura a wuya suna bin sawunsa tun 2008. A farkon watan Yuli na 2015 wani likitan haƙori ɗan Amurka ya biya kimanin dala 50,000, wato wajen miliyan talatin na sefa, don ya kashe zaki. Aka ajiye mushe a wajen iyakar gandun, zakin ya biyo wari ya fito, aka harbe shi da kibiya cikin dare. Bai mutu nan take ba. Ya kwana da kibiya a jikinsa, sai bayan sa'o'i da yawa aka cim masa aka ƙarasa shi, aka feɗe, aka cire kai. Likitan ya ce shi bai san zakin sananne ba ne, ya dogara ne da masu yi masa jagora. A watan Oktoba na wannan shekarar gwamnatin Zimbabuwe ta ce takardunsa sun cika, ba za ta tuhume shi ba. Bayan shekara biyu, a 2017, wani maharbin alfahari ya kashe ɗan Sesil ɗin, mai suna Zanda, a kusa da wurin.

Da labarin ya fito a ƙarshen Yuli, duniya ta ɗauka. Aka yi zanga-zanga a ƙofar asibitin likitan har ya rufe na wani lokaci. Manyan kamfanonin jiragen sama na Amurka irin su Delta suka ce sun daina ɗaukar kawunan zaki da giwa da karkanda. Faransa ta hana shigo da kan zaki kafin shekarar ta ƙare.

To, a cikin wannan watan na Yuli ɗin dai, ranar 22 da ranar 25, bama-bamai suka tashi a Marwa, mutum kimanin talatin suka rasu. Iyayenmu ba su manta ba. Wa ya ji sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu a Amurka? Wani ɗalibi ɗan Zimbabuwe da ke karatu a can, Goodwell Nzou, ya yi rubutu a jaridar New York Times yana cewa a ƙauyensu zaki abin tsoro ne, ba abin so ba, kuma ran da aka kashe wanda ya addabe su murna aka yi. Wanda bai taɓa kwana a rugar da zaki ke zagayawa ba, zai yi masa sauƙi ya so zaki. Wanda giwa ba ta taɓa cinye masa gonar dawa a dare ɗaya ba, zai yi masa sauƙi ya ce giwa abar tausayi ce.

Amma fa a kula. Ban ce laifi ne a ji tausayin zaki ba. Zuciya ba mudu ba ce da za a ce in an auna wa dabba tausayi na mutum ya ragu. Abin da nake cewa shi ne ma'aunin da aka yi awon da shi karkatacce ne. Me ya bambanta Sesil da sauran? Yana da suna, yana da kyau, an ɗauke shi hoto. A farkon 2012 wasu mahaya dawaki ɗauke da bindigogi suka shigo gandun Buba Njida, nan yankinmu na Arewa, suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni don haure. Ba wadda take da suna a cikinsu. An yi magana kam, amma ko kusa bai kai hayaniyar zaki ɗaya ba. Kura fa? Ungulu fa, da ake sa wa guba tana mutuwa tuli-tuli? Su ba su da kyan hoto, sai aka bar su. Ashe mutane ba rai suke girmamawa ba, abin da ya burge idonsu suke girmamawa. Shi ma maharbin ai kyan zakin ne ya kawo shi. Da mai kukan da mai harbin, duk gashin wuyan nan suka kalla.

Mu da muke karatun fiƙihu an ba mu wani ma'auni dabam. A suratul An'am an gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne irinmu. Farauta halal ce, babu mai musu, har da babinta a littattafanmu: yadda ake sakin kare ko shaho, yadda ake ambaton sunan Allah, abin da ake ci da wanda ba a ci. Amma duk wanda ya kai babin a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san malamin ya raba ta biyu, ya sanya wadda ake yi don wasa a cikin makaruhi, wadda ba don wasa ba a cikin halal. Ka ga tun fiye da shekara dubu da suka wuce, a Ƙairawan, an riga an duba niyyar maharbi kafin a duba abin da ya harba.

Akwai kuma hadisin da Imamun Nasa'i ya ruwaito, wanda wallahi duk lokacin da na ga hoton kan dabba a bango sai ya faɗo mini a rai. Ma'anarsa ita ce wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu kamar gwara ba da haƙƙinsa ba, za a tambaye shi. Da aka nemi bayanin haƙƙin, sai aka nuna cewa a yanka a ci, kada a cire kai a yar. To, shi maharbin alfahari kan yake ɗauka, sauran ba ruwansa da shi. Ya juya abin ne kawai, amma wasan ɗaya ne. Haka nan Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya gaya musu Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Waɗannan yara ne da kibiyoyinsu. Ina ga babban mutum mai hankali da ya ƙetare teku don wannan? A Afirka ta Kudu har kiwon zakoki ake yi a cikin shinge, su saba da mutane tun suna ƙanana, in sun girma a sake su a fili mai katanga a ce wa baƙo ya harba. A 2021 gwamnatin ƙasar da kanta ta ce za ta kawo ƙarshen wannan sana'a. Wannan ko sunan farauta bai cancanta ba.

Kada wani ya ce to ai shari'a ta yarda a kashe zaki. Ta yarda, amma wane zaki? A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya fassara karen nan mai cizo da aka halatta kashewa ko da mutum yana cikin harami da cewa ya haɗa duk naman dajin da ke afka wa mutane, ya ambaci zaki da damisa. Illar ita ce cutarwa. Zakin da ya shigo ruga yana ɗauke shanu, ko ya fara taɓa mutane, a kashe shi, kuma wanda ya kashe shi jarumi ne. Ko a labarin Bayajidda da kowane ɗan Hausa ya sani, ya sare kan macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura ya ajiye don shaida. Amma macijiyar nan ta hana gari ruwa ne. Da a ramin ta take a dawa ba ta tare wa kowa hanya ba, ya bi ta da nama ya yaudaro ta ya sare, da ba wanda zai ba shi sarauniya. Maharbanmu na gargajiya, su sarkin baka da mutanensa, suna da kirari da alfahari su ma, ba na musu. Sai dai a ƙafa suke shiga daji, ransu a hannunsu, naman kuma gari ne ke ci.

Yanzu bari in kawo hujjar masu goyon bayan abin, don malamanmu sun koya mana kada ka rushe maganar mutum kafin ka tsayar da ita da ƙafafunta. Kuma gaskiya hujjar tana da ƙarfi. Suna cewa daji ba ya tsare kansa. Ana buƙatar albashin masu gadi, da mota, da mai, da rijiyoyi. Akwai dazuzzukan da mai kyamara ba zai taɓa zuwa ba, saboda nisa ko ƙudan tsando ko rashin hanya, amma maharbi zai je. In aka hana shi, dajin zai zama gonar auduga ko wurin haƙar zinari ko gawayi, kuma a lokacin ba zaki ɗaya za a rasa ba, duka za a rasa. A 2014 an yi gwanjon takardar harbin baƙar karkanda ɗaya ta ƙasar Namibiya a birnin Dalas na Amurka, wani ya saya dala 350,000. Hukumomin Namibiya suka ce tsohon namiji ne da ya daina haihuwa yana kuma faɗa da matasa, kuɗin kuma asusun kare namun daji za su shiga. Kenya ta hana wannan farauta tun 1977, amma duk da haka namun dajinta sun ragu ƙwarai, saboda gonaki da garuruwa da dabbobin gida sun cinye musu wuri. Botsuwana mai giwaye kimanin 130,000 ta hana a 2014, ta dawo ta buɗe a 2019 saboda kukan manoma. A 2024 da Jamus ta fara maganar tsaurara shigo da kawunan dabbobi, shugaban Botsuwana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika musu giwaye 20,000 su zauna da su su ji yadda ake ji. An yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce.

Ɗalibin usulu zai gane wannan nan da nan: ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu ne. Na yarda ƙa'ida ce ingantacciya. Amma a nan akwai mutum biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai hukumar da ta rasa kuɗin tsare daji ta sayar da takarda don dole. Wannan ana iya yi mata uzuri, in har da gaske dolen ce. Akwai kuma wanda ya saya. Shi wace lalura ce ta same shi? In kare karkanda yake so, ga asusun nan, ya zuba dalolinsa ya koma gida, wa ya hana shi? Amma a'a, sai an ba shi kai. Wannan ya nuna abin da ya zo saya. Alherin da ya biyo bayan aikinsa bai wanke niyyarsa ba, kamar yadda wanda ya gina masallaci don a ce ya gina, jama'a za su yi salla a ciki sallarsu ta yi, shi kuwa yana can da riyarsa.

Sannan ita ƙa'idar tana da sharaɗi, sai an tabbata cutar da aka ɗauka ita ce ƙarama. Maharbin alfahari ba gurgu ko mara lafiya yake nema ba, babban namiji yake so, mai cikar gashi, mai dogon haure. A wajen zakoki kuwa, in aka kashe namijin da ke riƙe da garke, sau da yawa wasu mazan ne ke zuwa su karɓe, su kashe 'ya'yan da suka tarar. Harsashi ɗaya, gawa da yawa. Zakokin da suka rage a dajin Afirka duka ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba. Na Afirka ta Yamma kuwa, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kimanin 400 ne, mafi yawansu a dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. Mai ɗan abin da ya rage haka ba ya rabon kyauta da shi.

Sai babbar tambayar, wadda ta fi damuna: kuɗin ina suke zuwa, kuma wa ke ɗaukar wahalar? Mu duba gida. A yankinmu akwai gandun Binuwai da na Faro da na Buba Njida, kuma kewaye da su akwai manyan filayen farauta da gwamnati ke ba da haya, mafi yawa ga baƙi. Da rani maharba ke zuwa neman ɓauna da gwanki da wani ƙaton naman daji mai murɗaɗɗen ƙaho da masu Faransanci ke kira elan. A nan Garwa ma akwai makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da yawa. Ba na cewa ba a amfana. Akwai masu bin sawu da direbobi da masu dafa abinci da ke ci daga nan, akwai kason da doka ta ce a ba ƙananan hukumomi da ƙauyuka. Amma makiyayin da fari ya koro, in shanunsa suka taka filin, mai laifi ne. Talakan da ya ɗana tarko ya kama gada don miyar gidansa, sunansa ɓarawon daji, yana iya kwana a kurkuku. Wanda ya zo daga wata nahiya ya kashe don ado, sunansa babban baƙo. A littafinmu na farkon ne ke kan halal, na biyun ne ke kan makaruhi. A takarda sai abin ya juye.

Ban ce a karya doka ba, kada a fahimce ni a karkace. Shugaba yana da ikon ya killace wuri don maslahar jama'a, kuma wajibi ne a bi. Muna da asalinsa, shi ne hima. Kuma mun ga abin da rashin tsaro ke jawowa: baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda mafakarta ta ƙarshe a duniya ita ce arewacin Kamaru, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare. Masu satar ƙaho ne suka gama da ita, kuma jikokinmu ba za su gan ta ba har abada. Saboda haka killacewa dole ce. Amma a duba yadda Sayyidina Umar ya yi tasa himar. Da ya ɗora bawansa Hunayyu a kanta, ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tare garken Ibn Auf da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne su attajirai ne, in dabbobinsu suka hallaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa in nasa suka mutu sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Waɗannan fa manyan sahabbai ne, cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, amma aka ce a tare dabbobinsu. Himar Umar talaka take buɗe wa ƙofa ta rufe wa mai kuɗi. Ta yau kuwa, ku da kanku kun san wanda take buɗe wa.

Don haka in za a ci gaba da abin saboda lalura, to a ɗauke shi a matsayin lalura, abin da ake neman hanyar fita daga gare shi, ba abin tinƙaho ba. A fito da lissafin kuɗin fili, a karanta shi a gaban mai gari da jama'arsa da harshen da suke ji. Wanda giwa ta cinye wa gona a biya shi kafin damina ta zagayo. A bar wa makiyaya burtali da mashaya. Dabbar da ta kusa ƙarewa kuwa a cire ta daga ciniki gaba ɗaya, ko nawa aka taya. Su kuma masu zanga-zanga a Turai, in sun hana maharbi zuwa, su kawo abin da zai biya mai gadin daji a madadinsa, don hani ba ya sayen man mota.

Kuma ba Turawa kaɗai ba ne, kada mu ɓoye. Akwai attajiran ƙasashen Larabawa da suka sha zuwa saharar Nijar da jerin motoci da shahunansu suna farautar tuje da barewa. Sallarsu ɗaya da tamu, amma wannan bai canza hukuncin wasa da rai ba.

Mu ma ɗin, 'yan'uwa, ba mu da dala 50,000, amma muna da danƙo. Yaran unguwa nawa ne ke wuni suna harbin ƙadangaru da tsuntsaye, ba don ci ba, sai don a ce wane ya iya saiti? Mu manyan yayyensu muna wucewa ba ma cewa komai, alhali Ibn Umar bai wuce ba. Kajin da ake ɗaurewa a bayan babur kai a ƙasa cikin rana tun daga ƙauye har kasuwa fa? Jakin da ke ɗauko mana ruwa da yashi, bayansa duk gyambo, ana ƙara masa sanda fa? Shi ma sai da fatarsa ta yi kuɗi a kasuwar Sin aka fara lissafa shi, aka yi ta yanka su har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Tun muna aji ɗaya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa saboda kare mai ƙishirwa da ya shayar. Kyanwar nan ba ta da suna, karen nan ba wanda ya ɗauke shi hoto.

Ina roƙon malamanmu na fiƙihu, in mun iso babin farauta da yanka a shekara mai zuwa, a ware mana darasi ɗaya a kan wannan mas'ala, a gayyato mana wani daga makarantar namun daji da kuma wani dattijo cikin makiyaya, su zauna a tabarma ɗaya mu yi musu tambayoyi.